Sannu Daga Nesa

Makiyayan ƙasar Hausa sun taɓa raɗa wa wata annoba suna Sannu. Ciwon bushiya ne, wanda ya shigo Afirka a 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Masawa, a jikin shanun da sojojin Italiya suka sauke don abincinsu. Daga bakin Bahar Maliya ya bi burtali da mashaya, ya ƙetare Sudan, ya iso tafkin Chadi, zuwa 1891 ya game Barno da Kano da Katsina da Sakkwato har Liptako. Bafaranshen nan Monteil, wanda ya ratsa Dori da Sakkwato da Kano a shekarar, ya rubuta irin ɓarnar da ya tarar a hanya. Inda ciwon ya sauka, cikin shanu goma da wuya biyu su tashi. Saniya ta fara zazzaɓi, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo, kafin kwana goma an gama. Mutumin da ya saba kwana cikin kukan garke ya wayi gari ba shi da komai sai sanda a kafaɗa.

To, me za ka ce wa irin wannan mutum in kun haɗu? Sannu. Shi ma abin da zai mayar maka ke nan, don ya san naka ma sun tafi. Aka yi ta faɗin ta a kasuwa da bakin rijiya har ta manne wa ciwon da shekarar baki ɗaya. Da ya komo a 1913 zuwa 1914 aka ce masa Gamagari, saboda faɗin ƙasar da ya ci. Amma sunan farkon ya fi zauna mini a rai, don abin da ya rage wa mutane su yi wa juna aka ɗauka aka sa wa annobar. Kuma sannu kalma ce da ba ta bukatar hannu. Ana iya jefa ta daga ƙetaren shinge, daga kan raƙumi, daga bakin ƙofar da aka hana ka shiga, ta isa inda aka aike ta ba ta rage komai ba.

Waɗanda suka tsira da 'yan shanu a lokacin, galibi waɗanda suka nausa daji ne suka nisanci kowa, har da dangi. Daga baya kuma waɗannan 'yan tsirarun ne suka zama iri. Fulani, musamman Wodaɓɓe, suna da al'adar da suke kira habbanaye: ka ba ɗan'uwanka aron karsana, ta zauna a garkensa har ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta komo gida. Da irin wannan aro ne gidajen da suka wayi gari babu ko maraƙi suka sake jin ƙarar tatsa. Mutumin da ya guje wa 'yan'uwansa a shekarar ciwo, shi ne ya koro musu karsana a shekarar lafiya, kuma da bai gudu ba da babu abin da zai koro.

Jikokin waɗancan makiyaya na cikin masu cika kasuwar Dakoro a yau. Garin yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, daidai inda gona ke sallama da daji. Dokar Nijar ta 1961 ta shata wa noma iyaka ta arewa, kuma a wannan yanki kwarin Tarka ake ɗauka a matsayin layin, ko da yake gatari da hauya sun daɗe da tsallake shi. Kudu akwai Kornaka da Sabon Mashi da Ɗan Gulbi, ƙasar gero da wake. Arewa akwai Bermo da dajin Gadabeji, ƙasar jajayen shanu masu dogon ƙaho da raƙuman Buzaye. Babu mai rayuwa a nan shi kaɗai. Manomi na jiran taki da nono, makiyayi na jiran hatsi da kara, kowa na jiran ranar kasuwa. Duk abin da ke raya yankin taro ne: rijiya, kasuwa, masallacin Juma'a, suna, biki, jana'iza. Cuta mai yaɗuwa kuwa ba ta da wata hanya tata ta daban, waɗannan namu take bi.

Wanda ya tsaya a bakin rijiyar makiyaya a Tarka cikin watan Afrilu zai ga wannan da idonsa. Yaro na kan takarkari yana jan igiya, sai ya yi nisa har muryarsa ta fara ɓacewa kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya. Wansa ya tare, ya juye a kwami. Shanun na tsaye can gefe, ƙishirwar kwana biyu na cin su, amma babu mai matsowa sai an kira. A saki biyar ko shida, su dulmuya baki a ruwa ɗaya, hanci na gugar hanci, numfashi na shiga numfashi. In sun ɗaga kai a kora su, a kira na gaba. Kafin la'asar, garke nawa ne suka sa baki a wannan kwami? Ciwon huhu na shanu ta tari da numfashi yake bi, kuma saniyar da a ido ta warke tana iya riƙe shi a ƙirji wata da watanni. Makiyayi ya san wannan sarai. Ya san inda ransa yake, nan ma haɗarinsa yake.

Shi ya sa gaisuwar bakin rijiya take da tsawo. Baƙo ya iso, ya tsayar da garkensa nesa, ya tako shi kaɗai.

"Salamu alaikum. Sannunku da aiki."

"Maraba, Baffa. Ina gajiya? Ina aka baro?"

"Wajen Bermo."

"Yaya bisashe? Wace rijiya kuka sha shekaranjiya? Lafiya kuka baro mutanen wurin, da su da nasu?"

Ladabi ne, amma a cikin ladabin ake bincike. Mai rijiya na sauraron amsa, idonsa kuma na kan garken: wace ce ke tari, wace ce ta buɗe ƙafafun gaba ta miƙe wuya tana neman iska, wace ce ta ware daga 'yan'uwa. Al'adar daji ba ta yarda a hana mai wucewa ruwa ba. In an ga alama, sai a ce ya dakata har kowa ya gama, ko a kai masa ruwan can gefe. Ya sha, dabbobinsa sun sha, ba a kuma haɗa baki ba. Garso ma, wanda ke riga jama'a gaba ya dubo ciyawa da ruwa kafin a tashi, labarin ciwo na cikin abin da ake jiran ya kawo.

Musulmin da ya ga haka zai tuna cewa a kan raƙuma aka fara yi mana wannan bayani. Hadisi ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangaro da su mashaya tare da mai lafiyayyu. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya iso Sarg, aka gaya masa abin da ke gaba. Ya yi shawara, ya yanke komawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko ƙaddarar Allah yake gudu, shi kuwa ya amsa masa da misalin makiyayi: kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk gefen da ka kai raƙumanka cikin ƙaddarar Allah ka kai su. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da abin da ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ba a shiga ƙasar da annoba take, wanda ke ciki kuma ba ya fita. Rabin farko kowa na son sa, don kare kai ne. Rabi na biyu ya fi nauyi. Ana neman ka zauna inda mutuwa take saboda mutanen da ba ka sani ba, a garuruwan da ba ka taɓa takawa ba.

Makiyaya ba su tsaya ga gudu kawai ba. Tun kafin likitan dabbobi ya zo, Fulani na yanko ɗan huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe, su tsaga fatar karan hancin lafiyayya su cusa, wurin ya kumbura, ya warke, ya bar wani tudu mai tauri. Wasu na mutuwa, da yawa na samun kariya. Bushiya kuwa allura ce ta ga bayanta. An fara gangamin haɗin gwiwa a 1962 a Nijar, Najeriya, Kamaru da Chadi, ta komo a farkon shekarun 1980 bayan an saki jiki, sai a 2011 aka sanar ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da aka kawar bayan agana a 1980. Sauran cututtukan suna nan. A 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a Cintabaradan cikin jihar Tawa, dabbobi na ɓari, masu taɓa jini da mahaifa na kamuwa, ana kuma dab da bikin lasar gishiri na Ingal, inda garkuna ke haɗuwa daga ko'ina.

Su dabbobin fa, da ba su da malami ba su da rediyo? Ɗan kiwo zai gaya maka cewa saniya mara lafiya da kanta take zama baya, ta daina tuƙa, ta nemi inuwa ita kaɗai. Masu bincike sun bi abin har cikin teku. A gaɓar Fulorida akwai wata halitta dangin ƙaguwa mai son kwana rami ɗaya da 'yan'uwanta. A 2006 Donald Behringer da abokan aikinsa suka nuna cewa tana gane wadda wata ƙwayar cuta ta kama, tun kafin mai ciwon ta kai ga yaɗawa, sai ta bar mata ramin, ko da barin zai sa ta a bakin kifi. A Gabon akwai birai masu jan hanci da ake kira mandiril. Clémence Poirotte ta gano a 2017 cewa suna shinshinar kashin juna, suna rage tsintar jikin wanda hanjinsa ke da ƙwayoyin cuta, da aka ba shi magani kuwa sai suka koma masa kamar da. Wannan na ƙarshen ya kamata a riƙe shi da kyau. Biri ya warke, magana ta ƙare, babu wanda ya ci gaba da kallonsa a matsayin mai ciwo.

Tururuwa ta fi ba ni mamaki. A Lozan ta ƙasar Suwizalan, Nathalie Stroeymeyt ta manna wa dubban tururuwa 'yan alamomi, kyamara na bin kowace ɗaya, sannan ta shafa wa wasu masu fita neman abinci fumfunar da ke kashe ƙwari. Sakamakon ya fito a 2018. Waɗanda aka shafa wa, tun ciwon bai kayar da su ba, suka rage shiga gida da kansu. Masu reno suka ja 'ya'ya can ciki. Ba a kori kowa ba, mai ɗauke da abin ce ta ja jiki.

Amma nisan yana da inda yake tsayawa. Jemagun Amurka ta Tsakiya masu shan jini, waɗanda ke amayo wa ɗan'uwan da ya kwana da yunwa abinci a baki, an gwada su a Panama da Beliz. Mara lafiya na rage cuɗanya, lasar jiki na raguwa, amma ba a daina ciyar da shi ba, uwa kuma ba ta janye daga ɗanta. Mandiril ma, da aka sake dubawa, ba ya ƙaurace wa uwarsa da 'yan ɗakinsu. A Gombe ta Tanzaniya, a 1966, shan inna ya faɗa wa biran da Jane Goodall ke nazari. Wani tsoho da ta sa wa suna McGregor ya rasa ƙarfin ƙafafunsa biyu, ya ja jiki da ƙyar ya iso inda sauran ke hutawa, suka tashi suka bar masa wurin. Ɗaya ne, Humphrey, ya riƙa kwana kusa da shi har ƙarshe. Ashe ko a daji ba doka ɗaya ake bi ba. Akwai mai gudu, akwai mai janye kansa, akwai wanda ke zama duk da ya ji warin ciwon.

Mu kuma muna da abin da su ba su da shi, wato suna, kuma sunan kan fara aiki tun kafin likita ya iso. Dubi yadda muke maganar. Ciwo ya kama shi: nan mutum ba shi da laifi, an far masa ne. Ya ɗauko ciwo: nan an fara tambayar ina ya je. Wane ne ya shafa masa: nan kuwa an riga an nuna gida da yatsa. Abu ɗaya ne ya faru a jiki, amma wadda aka zaɓa cikin maganganun uku ita za ta nuna ko gobe maƙwabta za su aiko da kunu ko za su hana 'ya'yansu zuwa.

Ƙyanda a bakin iyaye mata baƙon dauro ce. Ba a son kiran ta kai tsaye, kamar yadda uwa ke sakaya sunan ɗan fari, sai a ba ta matsayin baƙo, wanda ake lallaɓawa har ya tafi. Akwai tausayi a sunan. Uwar yaron ba ta jin kunya, babu mai cewa gidan ya yi abin ƙi, maƙwabta na shigowa dubiya da goyo a baya. Nan kuma matsalar take. Cikin cututtukan da aka sani, kaɗan ne suka kai ƙyanda saurin yaɗuwa. Yara goma da ba a yi wa rigakafi ba, in suka zauna da mai ita, tara za su ɗauka. Tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan an fita da yaron, tana kuma yaɗuwa kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. A yankin da tamowa ke jiran yara duk lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kamar yadda Dakoro ta gani a 2005, baƙon nan sau da yawa ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Sanƙarau sunansa ba ya ɓoye komai, wuya ne ya sanƙare. Yana zuwa da ƙurar hunturu, ya yi ƙarfi da zafin bazara, ya ja da baya da ruwan farko. Likitan Faransa Lapeyssonnie ya bayyana yankinsa a 1963, zirin da yau ake aunawa daga Senegal zuwa Habasha, Maraɗi na cikinsa tsundum. A 1996 ya kama kimanin mutum 250,000 a Afirka, ya kashe kimanin 25,000. Sabuwar allurar da aka fara a 2010 ta karya nau'in A, sai nau'in C ya taso a Nijar a 2015, ya kama fiye da 8,000, ya kashe fiye da 500. Yawancin masu ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro lafiyarsu ƙalau, to wa za ka gudu? Don haka sanƙarau bai cika raba mutane ba, tara su ma yake yi, a dogon layin allura ƙarƙashin bedi.

Inda abin ke ciwo shi ne dubiya da makoki. Mun ce zumunci a ƙafa yake, kuma da gaske muke. Wanda ya kwanta ba ka je ba, aka yi rashi ba ka je ba, kai ka san abin da ka yanke. Ka shiga ɗakin, ka zauna bakin tabarma, ka ce, "Sannu Inna, yaya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗana," ko da numfashi da ƙyar yake fita. Wannan amsa addu'a ce da haƙuri, kuma a ciwon da ba ya yaɗuwa ɗabi'a ce mai kyau. Kwalara ba ta san haka ba. Da ta ɓulla a Madarunfa a watan Yulin 2018, ta kama fiye da mutum 3,000 a Nijar, mafi yawa a jihar Maraɗi, ta kashe fiye da 70, abin da ma'aikatan lafiya ke roƙo a irin wannan hali shi ne daidai abin da zuciya ba ta so. Kada a cika ɗakin. Kada a haɗa hannu a kwano ɗaya a gidan makoki. Kada dangi su wanke gawa da hannu tsirara, a bar masu safar hannu da ruwan kulorin. Matar da aka ce kada ta taɓa gawar uwarta, ba jahilci ke sa ta kuka ba. An karɓe mata aikin ƙarshe da za ta yi wa wadda ta haife ta. Wanda ya zo da dokar wajibi ne ya zo da abin da zai tsaya a madadin aikin: a bar ta ta tsaya ta gani, a bar liman ya yi salla, a nuna wa dangi inda aka sa ta.

A 2020 abin ya game kowa. An sanar da mutum na farko mai korona a Nijar ranar 19 ga Maris, aka rufe makarantu da masallatai, aka killace Yamai. Rediyo ya cika da kiran a ba da tazara. Kiran ya yi wa kunne nauyi, don tun muna yara muke jin liman na cewa a daidaita sahu, a toshe kafa, kafaɗa ta taɓa kafaɗa. An yi tarzoma a Mirya da wasu unguwannin Yamai, aka sake buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu, cikin azumi. A ganina an aiko da doka kafin a aiko da magana. Mutanen da ke da labarin Umar a Sarg, waɗanda suka san yadda ake shayar da garke mai tari a gefe ba tare da an wulaƙanta mai shi ba, ba baƙin wannan hikima ba ne. Da an fara da malamansu da ardo da masu gari, da harshen da suka riga suka sani, da an rage hayaƙin taya a titi. Duk da haka jama'a sun samo tasu hanyar: hannu a ƙirji maimakon musafaha, ta'aziyya ta waya, saƙon murya a WhatsApp zuwa ga tsohuwar da ba a son a kai mata tari.

Hausa ta bambanta abubuwa biyu da a ido suke kama da juna. Keɓewa daban, ƙyama daban. Ana keɓe amarya, ana keɓe mai jego, ana keɓe mai takaba. Wanda aka keɓe ana kai masa tuwo, ana ƙirga masa kwana, ana jiran fitowarsa. Ƙyama ba ta da ranar fita. Kuma babu inda muka kasa riƙe wannan bambanci kamar a kan kuturta.

Muna cewa mai ƙyanda, mai mura, mai sanƙarau, wato ciwon kaya ne da mutum ke ɗauke da shi, gobe ya sauke. Amma da wuya ka ji an ce mai kuturta sai a bakin likita. Kuturu muke cewa, kuturwa, kutare, da unguwarsu da sarkinsu. Ciwon ya cinye sunan yanka. Ga shi kuwa kuturta na cikin cututtuka mafi wuyar ɗauka. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu na kare kansa daga ƙwayar, sauran ma sai sun daɗe suna zama da wanda bai fara magani ba. Wani likita mai suna Hansen ya gano ƙwayar a Norway a 1873. Tun 1981 akwai haɗin magungunan da ke warkar da ita, yau cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kyauta ake ba da su, kuma da mutum ya fara sha ya daina yaɗawa. Dungun hannun da muke kau da kai daga gare shi, sau da yawa tabon ciwon da ya riga ya wuce ne: jijiya ta mutu, mutum ya ƙone ko ya yanke bai ji ba, gyambo ya ci yatsa. Muna zama da goyo a ɗakin mai ƙyanda, muna kuma ajiye wa wanda ya warke shekara ashirin ƙoƙonsa daban. Karin maganarmu ma ta tona mu, da ta ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. In kuɗi na iya sa a bar hannun ya kai har ƙasan kwano, ashe ba tsoron ɗauka ne ya hana talaka ba.

Wannan ƙyama kowa ke biyan kuɗinta. Saurayin da ya ga wani kodaɗɗen tabo a jikinsa, ya tsunkule bai ji zafi ba, ya san abin da sunan zai yi wa aurensa da sana'arsa da wurin zamansa a majalisa. Sai ya sa riga ya yi shiru, shekara biyu, uku. A waɗannan shekarun ne yake iya sa wa na gida, a cikinsu ne kuma jijiyoyin ke mutuwa. Asibitin Danja, kudu da Maraɗi kaɗan, tun shekarun 1950 yake karɓar masu wannan ciwo, kuma wanda ya isa da wuri yana komawa gida da yatsunsa goma. Jinkirin ne ke yanke su, abin da ke kawo jinkirin kuwa bakinmu ne. Haka mai tarin fuka ke cewa sanyi ne. Haka mai sida ke zuwa karɓar magani a garin da ba a san shi ba. Haka makiyayin da ya tabbata za a kore shi daga rijiya ba tare da an shayar da shi ba yake kai saniyar mai tari kasuwa da sassafe, ya sayar, ta bi wani zuwa wani garke.

Har yau, in an zo binciken aure a garuruwanmu, cikin tambayoyin da dattawa ke yi a asirce akwai ko da kuturta a dangin. Ba gadon ta ake yi ba, an san haka fiye da shekara 100. Yarinyar da kakanta ya sha magani ya warke tun kafin a haife ta tana iya rasa miji a kan wannan tambaya, ba kuma za a gaya mata dalili ba. Za a aiko kawai a ce iyayen yaron sun ce a dakata tukuna.